Rabin Jirgi a Jikin Bango: Sassaƙar da Ta Bar Hannun Magina Ta Koma Hannun Masu Sha'awa

A garin Bristol da ke jihar Rhode Island, a gaɓar tekun arewa maso gabashin Amurka, akwai wani ɗaki a gidan tarihin Herreshoff wanda bangayensa ke cike da ƙananan jiragen ruwa na katako, kusan ɗari biyar. Galibinsu mutum zai iya ɗaukar su a hammata ya yi tafiyarsa. Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne babu ko ɗaya da yake cikakke. Kowanne ɓari guda ne, daga goshi zuwa baya, an jingina shafaffen gefensa da bango. Babu ƙyallen kama iska, babu igiya, babu ɗakin matuƙi. Gangar jiki ce kawai, sumul, ba ƙari.

Mutum ɗaya ne ya sassaƙa kusan dukkansu da hannunsa, wato Nathanael Greene Herreshoff, wanda aka haifa a 1848 ya rasu a 1938. Ba kuwa don ƙawata ɗaki ya yi su ba. Daga jikin waɗannan guntayen itace aka ɗauki awon da aka gina jirage na gaske da shi, tun daga ƙaramin kwale-kwalen koya wa yara tuƙi har zuwa manyan jiragen tsere da suka gagari Birtaniya.

A yau babban kamfanin gina jirgi ba ya jiran wani ya fere masa itace kafin ya fara aiki, kwamfuta ta karɓe wannan. Amma sassaƙar ba ta mutu ba. Ta koma hannun masu sha'awa a Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashen da suka gaji gina jirgi: ma'aikacin da ya yi ritaya, malamin makaranta, likita, mai ɗan jirgin da yake son ganin siffarsa a falonsa lokacin da sanyi ya hana shiga ruwa. A ganina, cikin ayyukan hannu da mutanen can ke yi don ɗebe kewa, da wuya a sami wanda ya kai wannan riƙon ilimi na gaske, domin mai yin sa yana aiki ne da irin kayan aikin magina, yana kuma cin karo da irin matsalolin da suka ci karo da su.

Me ya sa rabi?

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Dama da hagun jirgi dole su zama daidai wa daida, in ba haka ba zai riƙa karkata yana jan gefe. To, wanda ya sassaƙa ɓari biyu ya ninka wa kansa aiki, kuma ya buɗe ƙofar kuskure, don hannun ɗan Adam ba ya maimaita lanƙwasa ɗaya sau biyu ba tare da bambanci ba. Idan aka sassaƙa ɓari guda aka ɗauki awonsa, sai a juya awon a sami ɗaya ɓarin. Ga kuma wata fa'ida: shafaffen gefen nan shi ne tsakiyar jirgin, daga nan ake auna faɗin kowane wuri. Al'adar da aka fi bi ita ce a sassaƙa ɓarin dama, goshin jirgin yana kallon hannun dama na mai kallo, ko da yake akan ga na hagu.

Tun a ƙarni na 18 magina a Ingila suna sassaƙa irin wannan samfuri daga dunƙulen itace guda. Akwai kuma wani salon da ake kafa siraran alluna a tsaye a jikin wani faffaɗan allo, kowanne da siffar haƙarƙarin jirgi, a bi su da siraran sanduna. Amma dabarar da ta fi yaɗuwa, wadda masu sha'awa ke bi har yau, ita ce ta jera fallayen katako a kwance, wani kan wani, a soke su da turakun itace ko sukuru, sannan a sassaƙa su tare tamkar dunƙule ɗaya. Amurkawa sun daɗe suna danganta ta ga Orlando Merrill na garin Newburyport a jihar Massachusetts, a shekarun 1790, ko da yake masana tarihin jirgi na ganin ta fi ƙarfin a ce mutum ɗaya ne ya ƙago ta.

Hikimar tana cikin kwancewar. Idan magini ya gama sassaƙa ya gamsu, sai ya zare turakun ya ware fallayen. Kowane falle yana nuna siffar jirgin a wani tsayi daga ƙasa, wato yadda bakin ruwa zai kewaye jikinsa idan ya nutse zuwa wannan tsayin. Sai ya ɗora kowanne a kan takarda ko allo ya bi gefensa da fensir, ya auna faɗinsa a wurare da dama masu tazara ɗaya, ya rubuta lambobin a jadawali. Daga nan sai a hau wani faffaɗan ɗaki mai daɓen katako, yawanci a saman bene, a zana jirgin a ƙasa da ainihin girmansa, da alli da dogayen sanduna masu lanƙwasuwa waɗanda ake tokarewa da ƙusa. A wannan daɓe ake gyara ƙananan kurakuran da girma ya tona, domin ɗan kuskure a samfuri ba ɗan kuskure ba ne a jirgi. Idan rabin inci a samfuri yana wakiltar ƙafa ɗaya, komai ya ninku sau 24 ke nan, kuma kaurin layin fensir kaɗai zai iya zama kusan inci guda a jikin jirgi. Bayan an daidaita zanen sai a yanka ma'aunai na siririn katako a kai wa masu zarto, su fitar da haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da samfurin ke yi wanda takarda ba ta iya yi. Yawancin maginan wancan zamani a bakin aiki suka koyi sana'a, ba a aji ba, haka ma attajiran da ke ba su kwangila da matuƙan da za su shiga teku da jirgin. Zanen layuka uku masu ratsa juna ba kowa ke iya karanta shi ba, amma kowa na iya riƙe itace ya juya shi. Mai jirgi ya ce a ƙara masa ciki don ya ɗauki kaya, matuƙi ya ce a sirance goshi don ya tsaga igiyar ruwa, magini ya ɗauki wuƙa ya fere kaɗan ya sake miƙa musu. Gani ya kori ji. A kan wannan guntun itace ake gama gardama kafin a sare bishiya ko ɗaya.

Da wannan hanya aka fitar da shahararrun jiragen Amurka na ƙarni na 19. George Steers na New York da samfuri ya fitar da siffar jirgin nan mai suna America, wanda ya tsallaka teku ya ci tseren kewaya tsibirin Wight a Ingila ranar 22 ga Agusta, 1851. Kofin da ya ɗauko shi ne ake kira Kofin America, kuma ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa ta New York ta riƙe shi shekara 132, sai a 1983 jirgin Ostireliya ya ƙwace shi. A hedkwatar wannan ƙungiya da ke titi na 44 a Manhattan akwai wani ƙaton zaure da ɗaruruwan rabin jirage suka rufe bangayensa.

'Yan'uwa biyu, ɗaya makaho

A kan Herreshoff ya kamata a tsaya, don labarinsa ne ya fi bayyana abin da hannu ke iya sani. Ba za a ce da shi mutumin da bai yi boko ba, ya karanci injiniyanci a jami'ar MIT, kuma lissafi bai taɓa zame masa abin tsoro ba. Duk da haka, idan zai fitar da sabon jirgi, ɗan ƙaramin zane yake yi na share fage, sannan ya ɗauki itace mai taushi ya shiga sassaƙa. Idan ya gama ba ya ware samfurin. Ya ƙera wata na'ura tasa mai ɗan yatsan ƙarfe da ke bin jikin itacen tana nuna awo a kan agogo, shi kuma yana rubutawa a ƙananan littattafai. Waɗannan lambobi ake kai wa ma'aikata. Littattafan da dubban zane-zanen kamfanin suna ajiye a MIT har yanzu.

Kamfanin kuwa shi da yayansa John Brown Herreshoff suka kafa shi a 1878. John ya makance tun yana ɗan shekara goma sha biyar, amma bai bar harkar jirgi ba, shi ne ma ya riƙe ragamar kasuwancin har ya rasu a 1915. An san shi da bin jikin samfuri ko jikin jirgi da tafin hannunsa, ya gano tudu ko kwarin da masu ido suka wuce ba su lura ba. Duk wanda ya taɓa sassaƙa irin wannan ba zai yi mamaki ba. Ido yana ruɗuwa da launin itace da jijiyoyinsa da ƙyallin fenti. Yatsu ba ruwansu da wannan, abin da ke wurin kawai suke faɗa.

Jirage biyar na Nathanael ne suka kare Kofin America har sau shida: Vigilant a 1893, Defender a 1895, Columbia a 1899 da 1901, Reliance a 1903, da Resolute a 1920. Huɗu daga cikin waɗannan karawa da jiragen Sir Thomas Lipton aka yi su, attajirin nan da sunansa ke jikin ganyen shayin da muke sha, wanda ya nemi kofin sau biyar tsakanin 1899 da 1930 bai samu ba. Reliance ya haura ƙafa 140 a tsawo, ƙyallensa na kama iska ya haura murabba'in ƙafa 16,000, kuma siffar wannan ƙato daga ɗan itacen da ke kan teburin mutum ɗaya ta fito. Abin sha'awa, masu sassaƙa na yau sun fi yawan komawa ga wani ɗan ƙaramin jirginsa na 1914, wanda ake kira Herreshoff 12½ saboda tsawonsa a layin ruwa ƙafa goma sha biyu da rabi ne. Yara aka yi wa shi, kuma har gobe ana gina irinsa.

Yadda sana'ar ta ja baya

Ba dare ɗaya abin ya faru ba. Da ƙarfe ya maye gurbin katako a manyan jirage, samfurin ya sauya aiki: sai a zana masa layuka a jiki don a san girma da siffar kowane farantin ƙarfe kafin a yi oda. Sannan William Froude ya gina tafkin gwaji a Torquay da ke Ingila a farkon shekarun 1870, inda ake jan samfurin kakin farafin a cikin ruwa ana auna turjiyarsa, kamfanin Denny na Dumbarton a Sikotland kuma ya gina nasa a 1883. Daga nan lissafi da zanen takarda suka yi ta cin ƙasa, har kwamfuta ta zo. Ƙananan magina ne suka riƙe tsohuwar hanya, musamman masu yi wa masunta jirage a gaɓar jihar Maine, waɗanda suka ci gaba da fitar da siffa daga rabin samfuri har tsakiyar ƙarni na 20 da bayansa.

Da wuraren gini suka riƙa rufewa, samfura da yawa sun salwanta, don a idon masu su tsohon kayan aiki ne. Waɗanda suka tsira suna bin wasu 'yan tsirarun mutane bashi, kuma a gabansu akwai Howard Chapelle, wanda ya rayu daga 1901 zuwa 1975. Ya yi shekaru yana bin gaɓar teku yana auna tsofaffin jiragen masunta da na 'yan dako, wasu suna ruɓewa a cikin laka, yana kuma ɗaukar awo daga samfuran da ya tarar a rumbunan magina. Littafinsa na 1951 kan ƙananan jiragen iska na Amurka, da aikinsa a gidan tarihin Smithsonian daga 1957, su suka sa ɗaruruwan siffofi ba su ɓace ba. Gidajen tarihi irin su Mystic Seaport a Connecticut, da na jihar Maine da ke garin Bath, da na Greenwich a Landan, suna riƙe da tarin samfura da zane-zane, wasunsu ma suna sayar da kwafin zanen ga mai so. A garin Brooklin na Maine, inda mujallar WoodenBoat take, wadda Jon Wilson ya kafa a 1974, akwai makarantar da aka buɗe a 1981 da ke koyar da aikin jirgin katako a kwasa-kwasai na mako-mako, har da wannan sassaƙa.

A kan teburin mai sha'awa

Mai sha'awa yana tafiya ne a kishiyar hanyar magini. Magini daga itace yake zuwa takarda, shi kuwa daga takarda yake komawa itace. Saboda haka darasinsa na farko shi ne karanta zanen layuka. Zanen yana nuna jirgi ta fuska uku. Akwai kallon gefe, mai nuna goshi da baya da ƙashin gindi da lanƙwasar bakin jirgi na sama. Akwai kallon sama, mai nuna layukan ruwa, waɗanda su ne siffofin fallayen da za a yanka. Sannan akwai kallon gaba da baya, inda ake ganin jirgin kamar an yayyanka shi yadda mai shayi ke yanka burodi, kowane yanka da lambarsa. Wanda ya gane yadda waɗannan uku ke tabbatar da juna ya yi rabin tafiya.

Sai zaɓen ma'auni. Jirgi mai ƙafa 30, idan aka bi rabin inci a ƙafa, zai ba da samfuri mai inci 15, daidai riƙo. Ga ƙaramin jirgi akan ɗaga ma'aunin zuwa kashi uku cikin huɗu na inci ko inci guda, ga babban jirgin kaya kuma a sauke shi zuwa rubu'in inci, ta yadda mai ƙafa 200 zai dawo inci 50. Kaurin fallaye ba a zaɓensa da ka. Idan tazarar layukan ruwa a zane ƙafa ɗaya ce, ma'auni kuma rabin inci, to kowane falle dole ya zama rabin inci cif. Nan ne sabon shiga ke fara tuntuɓe, don ɗan ƙarin kauri a falle takwas yana taruwa ya ɗaga jirgin ya ɓata siffarsa gaba ɗaya.

Ana kwafe kowane layin ruwa a kan fallensa, a yanka da zarto a bar ɗan rara a wajen layi, a zana lambobin yanka a kowane falle don su hau kan juna daidai, sannan a shafa gam a matse. Masu yi don ado ba sa buƙatar warewa, shi ya sa gam ya maye gurbin turaku. Wasu kan sa siririn falle baƙi a daidai inda ruwa ke tsayawa, ko su yi ƙasan da jan itace saman da fari. Idan gam ya bushe, abin da ke hannu wani dunƙule ne mai hawa-hawa, marar kyan gani. Sai a ɗaura masa guntun katako a bayansa da sukuru don a sami abin damƙewa a mamatsa, a yanke lanƙwasar sama, a shiga ainihin aikin.

Sassaƙar kanta cire kusurwoyin hawa-hawan nan ne har su ɓace. Ana farawa da kayan da ke cin itace da yawa, wuƙa mai mariƙi biyu da ake ja zuwa ƙirji, da kurfi mai lanƙwasasshen baki, sannan a koma ƙaramin abin fere katako da magagari, a ƙare da samfefa. Layukan gam su ne jagora: muddin ana ganin ɗan tsagi tsakanin falle da falle, akwai sauran itacen cirewa, ranar da tsagin ya ɓace kuwa an iso, kada a ƙara. Don tabbatarwa, ana yanka ma'aunin kwali na kowane yanka daga zanen, a riƙa kara shi a jikin itacen a daidai lambarsa, a duba inda haske ke ɓullowa.

Amma ma'aunin kwali wurare goma ko goma sha biyu kawai yake faɗa wa mutum gaskiyarsu. Abin da ke tsakaninsu fa? Nan ne ilimin yake. Samfuri zai iya dacewa da kowane ma'auni, amma ya kasance da ƙananan tuddai da kwaruruka a tsakani, kuma jirgin da aka gina a haka ruwa zai riƙa tuntuɓe a jikinsa. Abin da ake nema shi ne lanƙwasa mai tafiya daga goshi zuwa baya ba tare da ta tsaya ko ta karye a ko'ina ba. Ana gane ta ta hanya uku. A ɗora siririyar sanda mai lanƙwasuwa a jiki a ga ko ta kwanta ko'ina. A kashe fitilar sama a haska ta gefe don inuwa ta tona asirin tudu. Sannan a rufe ido a shafa. Ƙwararru kan manna samfefa a jikin doguwar sanda mai lanƙwasuwa su riƙa gogewa a karkace, domin guntuwar samfefa a ƙarƙashin babban yatsa kwari take haƙawa.

Wurare uku ne suka fi ba da wuya. Akwai ƙasan goshi, inda a jirage da yawa jikin ke ɗan shiga ciki kafin ya buɗe. Akwai kwanar ciki, inda gindi ke juyawa ya zama gefe, wadda ita ke nuna ko jirgi zai ɗauki kaya ya tsaya daram ko zai riƙa rawa. Sai kuma can baya, inda jiki ke tsukewa ya haɗu da ƙashin gindi, wurin da jijiyar itace ke sauya hanya, wuƙa ta ɓantare abin da ba a yi niyya ba. Kuskuren sabon shiga kashi biyu ne: mai tsoro yakan tsaya da wuri ya bar jirgin da kusurwoyi, mai gaggawa kuma ya zarce. Na farkon yana da magani. Na biyun sai dai ciko, kuma ciko ba ya ɓuya a ƙarƙashin banish. Wuƙa mai kaifi ita ce abokiyar tafiya, don dakusasshiya ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta kuɓuce ta sami hannu. Ƙurar itace kuma tana son a rufe hanci.

Ƙarshen aiki ba shi da yawa. Ana yanka rabin ƙashin gindi da rabin abin juya jirgi daga siririn katako, a manna su a allon baya, a ɗaura gangar jikin da sukuru ta baya, a shafa banish ko fenti. Wasu na ƙara ɗan farantin tagulla mai sunan jirgin da na wanda ya zana shi da shekara. Ni dai na fi son wanda aka bari a sauƙaƙe. Da zarar an fara lafta masa ɗakuna da tagogi da igiyoyi, ido ya bar kallon siffa ya koma ƙirga tarkace, alhali siffar ce dalilin yin abin tun farko.

Itacen da ake so

Ana neman itace mai taushi, mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar ƙulli, wanda ya bushe sarai. A Amurka farin fayin da wani farin itace da suke kira basswood ne kan gaba, sai sida da mahogani don launi. A nan ne ƙasashenmu suka shigo labarin kai tsaye. Obeche, farin katakon nan marar nauyi da ke fitowa daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Ghana da Kamaru, wanda kafintocinmu suka sani sarai, yana cikin itatuwan da masu yin samfuri a Birtaniya suka daɗe suna amfani da su. Mahoganin Afirka da ake yin allon baya ko jan falle da shi kuwa ɗan'uwan maɗacinmu ne, jinsinsu ɗaya. Wato abin da mai sha'awa a Turai ke saya da tsada a 'yan guntaye, ragowarsa na zube a 'yan katako a garuruwanmu.

Na'ura da hannu

Yanzu akwai injin da kwamfuta ke sarrafawa, a ba shi zane ya fere rabin jirgi cikin 'yan sa'o'i, daidai har ba a iya kushe shi. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da fallaye yankakku, mai saye ya haɗa ya goge. Ban ga laifin na biyun ba ga mai farawa, don yana kai shi ga wuƙa da wuri. Na farkon kuwa kayan ado yake bayarwa, ba ya koya wa kowa komai. Wanda ya yi makonni yana neman lanƙwasar bayan jirgin masunta na Maine ya san dalilin da ya sa aka faɗaɗa shi a nan aka tsuke shi a can, kuma idan ya ga jirgi a kan tudu zai iya faɗin yadda zai yi a ruwa. Mai injin bai sami wannan ba, ko da bangonsa ya fi kyau.

Masu sayen tsofaffin samfura su ma wannan bambanci suke bi. Samfurin magini na asali yakan zo da alamun fensir, da ramukan turaku, da tabon hannu, sau da yawa ba wani ƙyalli. Saboda darajarsa ta tashi, kasuwa ta cika da sababbi da aka tsufar da gangan, don haka mai saye sai ya nemi tarihin abin kafin ya ba da kuɗinsa.

Akwai abin da ya shafe mu a nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A Yawuri da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, da bakin tafkin Chadi, akwai masu sassaƙa kwale-kwale da gizago da masu haɗa manyan jiragen falanki, waɗanda siffar jirginsu a ido da hannu take, daga uba zuwa ɗa. Saboda yawan haɗurran da ke cin rayuka, hukumomi a Najeriya na ta kiran a koma jiragen faiba da na ƙarfe, kuma duk abin da zai tsare rai abin maraba ne. Sai dai idan maginan nan suka ajiye gizago, abin da suka sani game da ruwan Neja da na Chadi zai tafi tare da su, in ba a auna shi ba. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: tef na awo, igiya, kwali, fensir, 'yan fallayen obeche, da izinin mai jirgi. Ina kira ga sassan koyar da aikin katako a kwalejojin fasaha da gidajen tarihinmu su tura ɗalibai bakin ruwa, su zauna da maginan, su auna jiragen, su sassaƙa rabinsu, su rubuta sunan magini da garinsa da shekara a jikin allon, tun masu ilimin suna raye.